Ƙafar kyamarar Kawu: yadda muka tashe ta daga mutuwa, da inda ni na kwafsa

A watan Disamba ne, ana gyaran ɗakin baya na gidan Kawu a Tudun Wada saboda baƙin biki, yara suka jawo wani dogon abu naɗe cikin buhu daga bayan tsohuwar wadirof. Har sun jefa shi cikin tarkacen da za a ba 'yan jari bola, dan sun hango ƙarafuna masu ruwan tagulla a jiki sun san zai yi kuɗin alawa. Ko da na kwance buhun sai ga ƙafar kyamara ta katako, irin mai ƙafa uku ɗin nan da mu masu hoto muke ce wa tirafod, ta yi baƙi ƙirin da ƙura da maiƙon hannu na shekara da shekaru.

Kawu mai hoto ne a da. Yana da shago tun shekarun 1970, lokacin da in za ka ɗau hoto sai ka yi wanka ka sa kayan sallah ka je ka ƙame gaban labule mai zanen bene ko jirgin sama, kuma har gobe in zancen hawan dabar da aka yi a Kaduna lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977 ya tashi sai ya gaya maka da wannan ƙafar ya je, a kafaɗa ya saɓa ta tun asuba. Ni ma sana'ar nake amma ta ɓangaren bidiyo, biki da walima da saukar karatu, in azumi ya zo kuma ni ke ɗaukar tafsiri a masallacin unguwarmu. Nace Kawu a bani mana. Yace “ɗauki, ai ta mutu, rawa take kaman ɗan maraƙin da aka haifa yau.”

Dalilin da ya sa na damu da ita ba wai ƙaunar kayan da bane kawai. Tafsiri ne matsalata. Kyamara tana can bayan sahu, na jawo malam kusa da zum, awa ɗaya da wani abu ba motsi, to ita ƙafar alminiyon da nake da ita mai araha ce, in fankar sama ta juyo ko wani ya gifta ya taka kafet kusa da ita sai ka ga hoton yana karkarwa, kuma duk yadda ka jawo abu kusa haka rawar ke ninkuwa. Katako ko yana shanye girgiza, in ka ƙwanƙwasa shi motsin ya mutu nan take, ba kaman bututun ƙarfe mai siriri da zai yi ta amsawa ba. Shi ya sa har yau za ka ga masu awon fili da titi da ƙafar katako a ƙarƙashin na'urarsu. Kuma ba a daina yin su ba, akwai kamfanin Berlebach a Jamus tun 1898 suna kan yi, akwai Ries a Amurka tun 1936. Ga kuma wani abu da sai wanda ya yi aiki a filin idi ko ranar Maris zai gane, katako ba ya ƙona hannu in ya sha rana.

Bari in faɗi yadda ƙirarta take dan a gane sauran bayanin. A sama akwai faifan katako mai kauri inda kyamara ke zama. Kowace ƙafa sanda biyu ce a jere da ke maƙale da faifan da dogon bol, sai sanda ta uku a tsakiyarsu mai zamewa sama da ƙasa, ita ke ƙara tsawo. Akwai ɗamarar tagulla da ta zagaye su ukun, da noti mai kunne, in ka murɗa sai sandunan waje su matse ta tsakiya. Ƙasan kowace ƙafa tsinin ƙarfe ne na cakawa a ƙasa. Lambar kamfani ta faɗi tuntuni, ramukan 'yan ƙusoshi biyu kawai suka rage.

Abun da idona ya fara gani shi ne tsagewa, sanda ɗaya ta dare kusan tsawon taƙi guda tun daga wajen ɗamara ta yi sama. Noti mai kunne ɗaya babu, an ɗaure wajen da waya. Sandar tsakiya ta ƙafa ɗaya duk ƙananan huji ne kaman an caccaka da allura, in ka buga ta sai gari ya zubo. Tsinin ƙasa sun yi tsatsa, banish ɗin jiki yana ɓarewa, bol ɗin sama da ke shiga gindin kyamara ya lanƙwashe. Ni a lissafina tsagewar nan ita ce ciwon, a liƙe ta shikenan.

Na kai ta wajen wani dattijon kafinta a layinmu, Baba muke ce masa, shi ya yi wa mahaifiyata gadon aurenta. Wallahi ko kallon tsagewar bai yi ba. Ya buɗe ƙafafun ya tsayar da ita a siminti, ya ɗaure duk abun da ke ɗauruwa, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan faifan ya murɗa hagu ya murɗa dama kaman mai buɗe murfin tulu. Faifan ya juya, ƙafafu suna tsaye inda suke, har kana jin ƙas ƙas. Yace “ɗan nan, zo ka sa yatsa nan.” Na sa yatsa a inda ƙafa ta haɗu da faifai, ya sake murɗawa, sai na ji bol ɗin yana yawo cikin raminsa. Ramukan sun cinye, sun tashi daga zagaye sun koma kaman ƙwai, shekara nawa ana buɗewa ana rufewa ƙarfe yana goga katako. Yace “ciwon a nan yake, wancan tsagewar da ta tsorata ka aikin yini ɗaya ce. Ko sabbin ƙafafu ka sa mata in ba a gyara nan ba rawa za ta yi.”

Kafin nan na sha shawarwari. Wani mai walda yace a cire katakon gaba ɗaya ya yi mani na faif a bar faifan sama kawai, nace to me ya rage kenan. Wani abokin aikina yace in cika ramukan da gam mai ƙarfin nan Araldite in matse, wanda in an yi haka ƙafafun sun daina naɗewa kenan, an yi gyaran gangar Auzinawa. Matata kuma tace a goge a ajiye a falo a ɗora fulawa. Muka tsaya a kan cewa katakon da ke da rai za a bar shi, wanda ƙwaro ya ci a canza, sama kuma a mayar da shi yadda zai karɓi kan kyamarar zamani.

Kwancewa ta ci kwana biyu saboda tsatsa. Kafin a taɓa komai Baba ya sa na rubuta 1, 2, 3 da fensir a cikin kowace sanda da kuma gefen faifan da ta fito, yace kayan da suka shekara hamsin tare kowanne ya saba da maƙwabcinsa, in ka haɗa su a hargitse ba za su zauna ba. Notin da suka ƙi motsi muka ɗiga musu kalanzir aka bar su suka kwana, da safe biyu suka kwance da sifana, ɗaya sai da aka yanke shi da zarton ƙarfe. Duk ƙananan kayan na zuba a gwangwanin madara uku, kowace ƙafa da nata.

Tsagewar kam kaman yadda ya faɗa ne. Ta bi jijiyar katakon ne a tsaye, ba karyewa ta yi a gicciye ba, irin wannan in ta samu gam mai kyau wajen yakan yi ƙarfi kaman ba a taɓa ba. Ya buɗa ta kaɗan da bakin sukudireba, ya hure ƙurar ciki, ya tura farin gam ɗin kafintoci da sirinji, sannan ya ɗau zare ya ja shi cikin tsagar sama da ƙasa dan gam ɗin ya kai ƙarshe. Maimakon ƙarfen matsi sai ya yanko robar cikin tayar keke, irin wadda ake ɗaure kaya a bayan mashin, ya naɗe sandar da ita tamau tun daga sama har ƙasa. Yace roba tana matsa ko'ina daidai kuma ba ta barin shaida a jikin katako. Gam ɗin da ya tsattsafo ya goge da jiƙaƙƙen tsumma, aka jingine ta sai washegari.

Ramukan sama su ne aikin gaske. Hanya biyu ce, ko a toshe ramin da turken katako mai tauri a sake hudawa, ko a faɗaɗa shi a sa masa bushin, wato ɗan bututun tagulla, yadda ƙarfe zai riƙa goga ƙarfe. Na zaɓi ta biyu dan ba na son in dawo bayan shekara biyar. Na ɗau faifan da bol ɗaya na tafi tsohuwar Panteka wajen masu injin sassaƙa ƙarfe, wanda duk ɗan Kaduna ya san in abu ya gagara samu a kasuwa to a can za a ƙera maka shi. Wani malami ya auna, ya fiƙe mani 'yan bututun tagulla guda tara, uku dogaye na faifan, shida gajeru na kawunan sanduna, da sabbin bol uku da suka shiga cikinsu cif ba lilo. Baba ya faɗaɗa ramukan a injin huda na tsaye, ba na hannu ba, dan in rami ɗaya ya karkace ƙafar za ta riƙa buɗewa a gicciye. A nan ne Araldite ya yi amfani, ɗan kaɗan a bayan bushin dan ya kama katako, ba a cikinsa ba. Tsakanin katako da katako kuma muka sa washa ta fata da aka yanko daga tsohon bel, ita ke sa ƙafa ta buɗe da ɗan nauyi a hannu, ta tsaya inda ka bar ta ba ta faɗo maka a yatsa ba.

Sai sandar da ƙwaro ya ci. Baba ya shimfiɗa farar takarda ya buga ta a kai, gari ya zubo fari sabo, yace mai gidan yana ciki har yanzu, kuma da ya danna ta a gwiwa sai da ta yi ƙara. Wannan ba ta gyaruwa. Sauran sandunan huji biyu kawai muka gani, ya tura musu kalanzir da sirinji ya toshe da kaki. Asalin katakon fari ne mai dogayen jijiyoyi a miƙe, itacen Turai ne da ake kira ash, wanda suke yin ƙotar guduma da gatari da shi dan yana lanƙwasa ya dawo bai karye ba, kuma shi Berlebach ke amfani da shi har yau. Ba za ka same shi a 'yan katako a nan ba. Nace a sayo sabon madaci, Baba yace sabon katakon kasuwa ɗanye ne, zai bushe a hannunka ya murɗe kaman igiya. Ya shiga bayan shago ya jawo gefen wani tsohon gado na madaci da ya fi ni shekaru, ya zaɓi inda jijiyar ta miƙe ba ƙulli, ya tsaga. Da tsohuwar zuma ake magani, inji shi. Launin bai zo ɗaya ba, ita ja ce sauran farare, na so a rina yace bari, duk wanda ya gani ya san an yi gyara kuma ba abun kunya bane.

To a nan na kwafsa, kuma laifina ne ni kaɗai. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, leɓe na tsagewa, ƙofofin gida duk sun saki. Baba ya fere sandar ya gwada, tana zamewa tsakanin 'yan uwanta da ɗan sarari kaman kaurin katin waya. Ni kuma da na riga na tsani duk wani abu mai suna lilo nace Baba wannan ai ta yi sako-sako, a yi wata mai cikewa. Yace “ɗan nan, yanzu katako a ƙishirwa yake, in damina ta zo zai sha ya ƙoshi, ka bar masa wajen kumbura.” Nace ai za a shafa mai, ruwa ba zai shiga ba. Ya dube ni ya yi shiru, ya tsaga wata daga ragowar gadon ya yi ta yadda nake so, tana shiga da ƙyar tana fita da ƙyar, ni ko ina ta murna wai na samu aiki mai kyau. Zan dawo kan wannan.

Wajen goge jiki ba mu yi wani dogon abu ba. Tsohon banish da fasasshen gilashi Baba ya kankare shi, sannan sanfefa mai lamba 120, aka bi da 220. Wani abu da ya kusa wucewa, a jikin sandunan tsakiya akwai 'yan tsage-tsage da wuƙa, biyu-biyu a kowace, na ɗauka rauni ne har na fara gogewa. Da na tambayi Kawu a waya sai ya yi dariya yace alamarsa ce, ta ƙasa tsawon hoton fasfo ne in mutum na zaune a kujera, ta sama kuma na tsaye ne, da su yake saita ƙafafu uku su zo daidai ba tare da ya auna ba. Na bar su, har na sa Baba ya yi irinsu a sabuwar sandar. Ban yarda an sake shafa banish ba dan yana yin kauri a inda sanda ke zamewa, in zafi ya yi kuma ya riƙa danƙo. Man linsid dafaffe, irin wanda ake shafa wa katako, na samo wajen masu fenti, a shafa siriri, a bar shi ɗan lokaci, a goge duk wanda bai shiga ba, a jira kwana guda, haka sau uku. Inda ke zamewa kuma kakin zuma. Wanda zai yi wannan ya kula da tsumman man nan, in ka dunƙule shi ka jefa a kwana yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, shanya shi ake a buɗe a waje ko a tsoma a ruwa. Tagullar kuwa lemon tsami da toka suka fito da ita, aka ɗauraye aka busar.

Yanzu maganar sama, wadda ita ce sabuntawar, kuma nan ne na ga mutane da yawa suna lalata kaya masu tsada. A zamanin Kawu kyamara kai tsaye take zama a kan faifan, bol ɗaya ya shiga gindinta, in kana son ka karkata ta sai dai ka matsar da ƙafa. Ni ina buƙatar kai mai juyawa. Abun da ya kamata kowa ya sani shi ne tiredin kayan kyamara, wato haƙoran da noti ke bi, ba na milimita bane irin na mashin da janareto da muka saba, na inci ne. Ramin gindin kyamara kwatan inci ne, haƙori 20 a kowane inci. Ramin gindin kan tirafod kuma 3/8 na inci ne, haƙori 16. Kusan duk duniya haka ne, ko kyamarar Japan ce ko ta Jamus.

Ni da farko ban ɗauki abun da muhimmanci ba, na je wajen masu noti na sayo bol mai lamba 6 dan a ido ɗaya suke da na kwatan inci. Allah ya taimake ni a jikin ɗan maƙalin waya na fara gwadawa ba a kyamara ba. Ya shiga zagaye ɗaya, biyu, sai ya cije. Da na ƙara ƙarfi da ya cinye haƙoran. Dalili kuwa, mai lamba 6 kaurinsa milimita 6 ne kuma tsakanin haƙori da haƙori milimita 1, shi ko na kyamara kaurinsa 6.35 ne tsakanin haƙoransa 1.27, to farkon shiga sai su yaudare ka, a zagaye na uku sai rigima. In a gindin kyamara ka yi wannan ɓarnar, garin neman gira ka rasa ido kenan.

Da na koma Panteka da tsohon bol ɗin, malamin nan ya ɗauko wani abu kaman tarin 'yan wuƙaƙe masu haƙora ya riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan tiredin yana ɗagawa sama yana duba haske, har ɗaya ta zauna daram. Yace “Oga wannan na Ingila ne, tsohon yayi.” Tiredin Whitworth kenan, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, shi tsoffin kayan hoto suke da shi. Yawan haƙoransa ɗaya da na yanzu, bambancin a kusurwar haƙorin ne, na da digiri 55 na yanzu 60, shi ya sa tsoho yakan shiga sabo ba gardama. Amma nawa bayan lanƙwasa ya kuma yi tsawo da yawa. Ashe Kawu fata mai kauri yake shimfiɗawa a ƙarƙashin kyamararsa tana cinye tsawon. Ramin kyamarorin yanzu gajere ne, littafin wasu ma yana gargaɗin kar bol ya wuce milimita 5.5, in ya wuce yana iya tokare ƙasan ramin ya fasa ciki.

Abun da muka yi, aka faɗaɗa ramin tsakiyar faifan, malamin Panteka ya yanka sabon bol na 3/8 mai haƙori 16, aka shigo da shi ta ƙasa da faffaɗar washa da ɗan hannun murɗawa, ya leƙo sama kaman santimita ɗaya. Ya sa na kawo kan da zan ɗora ya auna zurfin raminsa tukuna, dan dole gindin kan ya zauna a kan faifai, ba ya tsaya a kan tsinin bol yana lilo ba. Faifan ma ya ɗan kumbura a tsakiya, Baba ya manna sanfefa a kan gilashin taga ya riƙa goga shi a kai har ya kwanta, sannan muka ɗora siririn faifan alminiyon dan kar gindin kan ya riƙa cin katako. A ƙasan bol ɗin na sa an lanƙwasa ƙugiya, ina rataya jakata a nan ta ƙara mata nauyi in ana iska. Kan da na ɗora mai ƙwallo ne da ɗan faranti mai zamewa da ake ɗaura wa gindin kyamara, irin wanda ake kira Arca-Swiss, faranti ɗaya a kyamara ɗaya a maƙalin waya, cirewa da sawa ba ya ɗaukar komai. Af, wanda ya tsinci ƙafar masu awon fili yana son ya mayar ta kyamara, nasu bol ɗin 5/8 ne mai haƙori 11, sai an yi masa mahaɗi.

Tsinin ƙasa na goge tsatsarsu na bar su dan suna da amfani a turɓaya, amma ba mai barinka ka caka su a kafet ɗin masallaci, a tayil kuma zamewa suke. Robar da ake sa wa ƙasan sandar dogarawa ta asibiti na sayo guda uku, na cusa guntun katako mai rami a ciki, ina sawa ina cirewa kaman takalmi. Na kuma haɗa ƙafafun da igiya daga tsakiya dan kar su baje a santsi.

Gwajin farko a gida na yi, na ɗora kofin ruwa a kai na ƙwanƙwasa ƙafa da yatsa, ruwan ya motsa sau ɗaya ya kwanta. A ta alminiyon kuwa sai da ya yi ta rawa ina kallo. Sannan na kai ta lambun Gamji da yamma wajen gadar Lugard ɗin nan da aka ɗauko daga Zungeru a 1954, na jira haske ya ragu na ɗau ƙarafunan gadar a hankali da zum a ƙure, ko da na buɗe a kwamfuta kan kowace ƙusa ya fito tsaf. Azumi ya zo na yi tafsiri da ita tun daga farko har rufewa, fanka na kaɗawa yara na giftawa hoto ko gezau. Dattawan sahun gaba ma sun fi kallonta a kan kyamarar, wani yace rabonsa da irinta tun hoton katin makarantarsa.

Sai Agusta. An kwana uku ana ruwa, ina da walima a Kawo, na sauka daga keke na buɗe ƙafa ta ɗaya ta fito, ta biyu ta fito, ta uku mai jan madacin nan ta ce ba ta san zance ba. Na kwance notin gaba ɗaya, na ja, na buga da tafin hannu, na sa wani yaro ya riƙe sama ina ja ta ƙasa kaman masu raba faɗa, ko motsi. Dole na mayar da sauran biyun ciki suka yi daidai da ita, na yi aikin ranar kyamara a tsawon cibiyata ina durƙushe, rabin bidiyon haɓar mutane ce da ƙasan hula. Mai walimar bai ce komai ba amma ni na san abun da na miƙa masa.

Washegari na kai wa Baba. Bai ce mani ai na gaya maka ba, wanda da ya faɗa ma da ya fi mani sauƙi, murmushi kawai ya yi yace in ajiye a kusa da inda yake dafa shayi. Bayan kwana biyu ta ɗan saki ya fitar da ita da guduma ta katako. Ya nuna mani gefen sandar inda kakin ya goge ya yi ƙyalli, nan ne take cijewa. Katako tsawonsa kusan ba ya canzawa, a faɗi yake kumbura in ya sha laima ya kuma tsuke in ya bushe, mai da kaki suna rage saurin abun ne kawai ba sa hana shi. Kuma riƙe ƙafa ba aikin cikewar sanda bane, aikin ɗamara da noti ne, ita sanda nata ta zame. Ya kankare gefe biyun da gilashi, 'yan ja kaɗan, yana gwadawa bayan kowane ja, har ta koma daidai sararin katin wayar da ya bari tun farko. Ya shafa mai ya bi da kaki. Na ciro kuɗi yace in mayar, wai na riga na biya a Kawo.

Yanzu hunturu ya sake zagayowa, sandar ta ɗan ƙara saki amma rabin murɗi na noti mai kunne yana kama ta tamau. Notin sama guda uku su ma sai da na ƙara musu ɗauri da iska ta bushe, dan haka ƙaramar sifana ta samu gida a aljihun jakar kyamara. Nauyi kam tana da shi, ba na zuwa kamu ko ɗaurin aure da ita inda ake guje-guje, kuma in na shiga keke sai na biya kuɗin mutum biyu ko in riƙe ta a tsaye tsakanin gwiwoyi. Kan mai ƙwallo shi ma bai dace da bin mutum yana tafiya ba, in kuɗi sun samu zan sa mai hannu na bidiyo, tunda bol ɗin 3/8 ne yawancinsu za su hau. Igiyar fatar da ake ɗaure ƙafafun in an naɗe har yanzu ban yi ba, na sayo tsohon bel a Kasuwar Barci yana nan a durowa, da robar keke nake ɗaurewa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa Kawu ya gani. Ya buɗe ta da kansa, ya lalubi tsage-tsagensa da babban yatsa ya saita ƙafafun a na tsaye ba tare da ya duba ba, ya ɗora hannu a sama ya murɗa irin yadda Baba ya yi. Sai ya nuna kan mai ƙwallon yace wannan ƙwandon me ye amfaninsa, nace na karkata kyamara ne Kawu, yace su a da ƙafa ɗaya suke jawowa. Ya sa aka kira jikokinsa suka jeru a bakin zaure, yace in ɗora wayata in matsa gefe shi zai danna.